Abin da Na Yi wa 'Ya'yan Asabe

Fadikpe, Minna

'Yata Rifkatu,

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ke da maigidanki, Fasto Yakubu. Ina roƙon Allah ya kai ku Zungeru lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya, ya haɗa ku da mutanen kirki a ikkilisiyar da aka tura ku. Ni lafiyata ƙalau, sai ciwon ƙafar nan da kika sani.

Na so in zaunar da ke in gaya miki wannan magana baki da baki kafin motar kayanku ta iso. Amma duk sa'ad da na buɗe baki sai in ji na koma zancen tukwane da labule. Shi ya sa na ɗauki biro. Ki bari sai kin sauka kin huta, sannan ki karanta ke kaɗai. Daga baya in kin ga dama ki ba mijinki.

Daga ranar da kika sa ƙafa a gidan fasto, matan can za su fara ce miki Mama, har da sa'o'ina. Za su bar miki yaransu su tafi gona ko kasuwa hankalinsu kwance. Ni ma an kira ni Mama shekaru masu yawa, sa'ad da nake shugabar zumuntar mata a cocinmu. Kin tashi kina jin ana yabona. Akwai abin da masu yabon ba su gaya miki ba, kuma gara ki ji shi daga wurina kafin ki ɗauki wannan suna.

Wataƙila kina tuna Asabe, gwauruwar nan mai busasshen kifi da take zuwa sujada daga wajen Tagwai. 'Ya'yanta biyu ne. Babbar, Laraba, kurma ce tun haihuwa, ba ta ji, ba ta magana, a lokacin ta wuce shekara ashirin. Ƙaramar, Kande, tana firamare, tana cikin ƙungiyar mawaƙan yara. Ban taɓa ganin mai son coci kamar Laraba ba. Ita take share shi kowace Asabar ba wanda ya sa ta. Ranar Lahadi kuwa sai ta zauna dab da masu kiɗa, ta ɗora tafin hannunta a jikin babbar ganga, tana jin bugun a jikinta tana murmushi.

Akwai kuma Dattijo Ishaku, ɗaya daga cikin dattawan ikkilisiya. Garinmu ɗaya da matarsa can kudancin Kaduna. Sa'ad da marigayi babanki ya kwanta ciwo, shi ya yi ta kai shi asibiti a motarsa bai taɓa gajiya ba. Ina gaya miki wannan ne don ki san ba baƙo ba ne, kuma ba shi da kamar mugu. Mutum ne mai fara'a, mai daɗin addu'a. Da ya ce zai riƙa kai 'ya'yan Asabe gida ranar Asabar saboda nisan Tagwai, a gaban jama'a na tashi na sa masa albarka.

Wata Asabar da damina, an tashi daga koyon waƙa da yamma, hadari ya haɗo. A wannan rana Laraba ba ta zo ba, Kande ce kaɗai. Dattijo Ishaku ya buɗe mata ƙofar gaba, ta ƙi shiga. Ta zo ta kama bakin zanina ta ce, "Mama, ni da ƙafa zan tafi." Na tambaye ta dalili ina ɗaga murya, ta sunkuyar da kai ta ƙara riƙe zanin. Mata suna kallo, shi kuma yana tsaye yana jira, sai kunya ta kama ni. Na ce mata yarinyar da ba ta san alheri ba ba ta da tarbiyya. Na ɓanɓare yatsunta daga zanina ɗaya bayan ɗaya, na tura ta cikin motar, na rufe ƙofar da hannuna. Har haƙuri na ba shi. Ya yi dariya ya ce yara sai haƙuri.

Rifkatu, yaro ba zai zo ya ce miki ga abin da ake yi mini ba. Ba shi da kalmomin, kuma mai cutar da shi ya riga ya gaya masa ba wanda zai yarda da shi. Abin da zai yi shi ne ya ƙi shiga mota, ko ya ɓuya a bayan coci in wani mutum ya shigo, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa. Ranar da kika ga yaro yana tsoron wani babba, ko wane ne shi, kada ki fara da faɗa. Ki ja shi gefe, ki durƙusa daidai tsayinsa, ki tambaye shi a hankali. In bai amsa ba, kada ki ce ba komai ke nan. Ki raka shi gida da ƙafarki, ko da ruwa zai dake ku. Ladabin da muke koya wa yara, na su bi duk abin da babba ya ce, da shi miyagu suke kama su. Ki koya musu cewa akwai abin da yaro yake da ikon ƙi, ko daga bakin dattijo ya fito, ko daga bakin fasto.

Bayan wannan da ɗan lokaci, Laraba ta zo gidanmu da tsakar rana. Ina tsakar gida ina tankaɗen garin masara. Ba ta taɓa zuwa ita kaɗai ba, kullum da Kande take tafiya, don ita ce mai fassara mata. Ta tsaya a gabana ta yi alamar juya sitiyari da hannu biyu. Ta nuna jikinta. Ta ɗora yatsa a leɓenta kamar yadda ake ce wa mutum ya yi shiru. Ta sake yi, ta kuma sake yi, hawaye suna zuba. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ban gane ba. Yau ba zan yi miki ƙarya ba, wani sashe na zuciyata ya gane sarai, sai na ji tsoron abin da zai biyo baya in na yarda na gane. Na zuba mata tuwo, na dafa kafaɗarta, na nuna mata hanya da murmushi. Ba ta taɓa tuwon ba.

Shekara da shekaru tana share mana coci, amma cikinmu ba wanda ya zauna ya koyi ko alama goma daga cikin maganarta. Muna son sharar da take yi, muna nuna wa baƙi ita muna cewa ku dubi bangaskiya, amma ba mu da kunnen jin ta. Wanda yake neman wanda zai cuta ya san wannan. Yana zaɓar wanda ba zai iya ba da labari ba, ko wanda in ya bayar za a ce ai ba shi da cikakken hankali. A Zungeru za ki sami irinsu, ba ikkilisiyar da babu su. Wani kurma ne, wata makauniya, wani tsoho da mantuwa ta kama, wata da ciwon ƙwaƙwalwa yake tasar mata lokaci lokaci. Ki san sunayensu, ki san gidajensu, ki san wa yake kai su ya dawo da su. In akwai kurma, ki zauna da 'yan gidansu su koya miki. Za a yi miki dariya, ki bari a yi.

Allah bai bar ni ba gargaɗi ba, ya sake aiko mini da wani. Maƙwabciyarmu Hajiya Uwani, wadda ta riƙa ba ki alewa kina ƙarama, tana da gona a hanyar Tagwai. Wata safiya ta shigo, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, na ga tana juya maganar a bakinta. Can ta ce, "Maman Rifkatu, ba na son shiga harkar cocinku. Amma motar dattijon nan naku tana yawan tsayawa a bayan itatuwan mangwaro kafin a kai madatsar ruwa, kuma da 'yar mutane a ciki." Na ji raina ya ɓaci. Na tambaye ta ko ta ga wani abu da idonta, ta ce abin da ta gani ke nan ta faɗa. Na ce mata mun saba jin ana ɓata sunan shugabanninmu, kuma ban zaci daga gare ta zan ji ba. Ta ɗauki mayafinta ta ce Allah ya ba ni haƙuri, ita dai ta sauke nauyi. Mun yi watanni gaisuwarmu daga nesa.

Ban auna maganarta ba, addininta na auna. Kada ki yi haka. Wanda ya kawo miki labarin yaro yana cikin haɗari, ko Musulmi ne, ko mashayi ne, ko matar da ba kwa shiri da ita a zumunta, ki saurara ki bincika. In ƙarya ce, kin yi asarar ɗan lokaci. In gaskiya ce kika ƙi ji, asarar ba taki ba ce, ta yaron ce.

Abin ya fito ne da cikin Laraba ya bayyana. Asabe ta kawo 'ya'yanta gidan faston da muke da shi a lokacin, aka tara dattawa, aka kira ni a matsayin uwar mata. Dattijo Ishaku yana zaune a kujerarsa cikin masu sauraro. Aka tsayar da Kande a tsakiya aka ce ta fassara abin da yayarta take nunawa. Yarinya ƙarama, a gaban maza manya, a gaban shi kansa, aka ce ta furta abin da ko ni ba zan iya furtawa ba. Ta fara, ta kasa ƙarasawa. Laraba ta miƙa hannu ta nuna shi. Ya tashi ya yi kuka, ya ce alherinsa ne ya jawo masa, ya ce Allah ne shaidarsa. Dattawa suka ce shaidar kurma da ta ƙaramar yarinya ba ta isa a kama babban mutum ba. Aka yanke cewa shi ya ɗan huta da aikin dattijo har ƙura ta lafa, ita kuma Laraba a sa ta a horo, ta koma bencin baya, tunda cikin a jikinta yake. Ina zaune ban ce uffan ba. Kuma duk cikinmu ba wanda ya dubi Kande ya tambaye ta ko ita ma an taɓa ta.

Da aka ji Asabe tana maganar zuwa wurin 'yan sanda, ni aka aika in hana ta. Na je da mata biyu har gidanta. Na same ta tana juya kifi a kan ragar waya, hayaƙi ya cika mata ido. Na yi mata magana mai daɗi, don na iya. Na ce sunan ikkilisiya zai ɓaci a gari, waɗanda ba su tare da mu za su yi mana dariya. Na ce Kirista gafara yake yi. Na ce ta tuna da Kande, wa zai aure ta in labari ya bazu. Muka kama hannu muka yi addu'a. Da muka gama ta ce, "To Mama, ku ne mutanena a garin nan. Tunda kun ce in bari, na bari."

Laraba ta zauna a bencin baya Lahadi biyu ko uku, nesa da ganga, hannuwanta a cinya. Daga nan ba ta ƙara zuwa ba. Asabe ta kwashe su suka koma ƙauyensu. Haihuwa ta zo wa Laraba a gida da gardama, asibiti kuma da nisa. Ta rasu, jaririn ma bai daɗe ba ya bi ta. An sanar da mu a coci cikin sanarwar mako, tsakanin maganar bikin godiyar kaka da ta gyaran rufi.

Shi kuwa Dattijo Ishaku, bayan shekara ya ce aiki ya mai da shi wani gari. Aka yi masa bikin sallama, mawaƙa suka yi waƙa, ni na dafa shinkafar. Ba wanda ya gaya wa ikkilisiyar da ya koma ko kalma ɗaya. Can ma ya sami yara, ya sami mota, ya sami mata irina masu sa masa albarka. Sai bayan shekaru muka ji wata uwa a can ta ƙi a yi mata addu'a a rufe mata baki. Ta kai 'yarta asibiti, daga asibiti ta wuce wurin 'yan sanda, aka yi shari'a aka ɗaure shi. Yara nawa ne tsakanin Kande da waccan yarinya, ban sani ba. Amma na san mu muka buɗe masa hanya zuwa gare su.

Ki ji ni da kyau a nan, don a nan ne za a fi matsa miki. Ranar da irin wannan ta taso, manya za su zo miki da maganar sunan ikkilisiya, kuma ba miyagu ba ne, mutane ne masu tsoro kamar yadda na kasance. Kada ki yarda. Taron dattawa ba kotu ba ne. Wanda aka cuta asibiti ake fara kai shi, sannan a sanar da hukuma, 'yan sanda da ma'aikatan jin daɗin jama'a. Kada a tsayar da yaro a gaban wanda yake zargi, kada a sa shi ya yi ta maimaitawa ga wannan da wancan. Wanda ake zargi a raba shi da yara tun daga ranar, ba sai an gama bincike ba. In ya tuba, tsakaninsa da Allah ne, ya zo ya yi sujada, amma kada a ƙara ba shi yaran mutane, kuma in ya koma wani wuri a gaya musu gaskiya. Gafara ba ta nufin a mai da shi inda zai sake. Mijinki mutumin kirki ne, amma yaro ne a aikin, kuma dattawa sun iya zagaye sabon fasto. Ki tsaya a bayansa, in ya yi sanyi ki tsaya a gabansa.

Kada ma ki jira sai abu ya faru. Tun kuna sababbi, kafin a saba da ku, ku kafa al'ada. Babba ɗaya kada ya keɓe da yaro a ɗaki rufe, ko don koyon waƙa, ko don shawara, ko don addu'a. Manya su kasance biyu, ƙofa a buɗe. Mai kai yara gida ya ɗauki wata uwa a motar. Wannan har da mijinki, har da ke kanki. Mutumin kirki ba zai ji haushi ba, wanda ya ji haushi kuma ki sa masa ido.

Bara da na je asibiti saboda ƙafata, ma'aikaciyar jinyar da ta zo wanke mini gyambon ta tsaya tana dubana. Ta ce, "Mama, ba ki gane ni ba? Kande ce, ta Asabe." Ta zama mace cikakkiya. Ta yi aikinta a hankali, ko zafi ban ji ba, ta naɗe ƙafar da kyau. Na tambayi uwarta, ta ce ta rasu. Na kama hannunta na ce ta yafe mini. Ba ta zare hannun ba, amma ta ce, "Mama, shi ban cika tuna fuskarsa ba yanzu. Hannunki nake tunawa a kan ƙofar motar." Ta ce tun da suka bar Minna ba ta ƙara shiga coci ba, in ta ji ganga gabanta faɗuwa yake yi. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Na so in roƙe ta, sai na ga abin da na yi wa uwarta zan sake yi mata, na fasa. Ke ma kada ki taɓa matsa wa wanda aka cuta ya furta gafara don naki hankalin ya kwanta.

Da na dawo na shiga wurin Hajiya Uwani na ba ta haƙuri. A taron zumunta na gaba kuma na tashi na faɗi abin da na yi, ban ambaci sunan Kande ba. Wasu sun yi kuka, wasu sun ce me ya sa nake tono abin da ya wuce. Ƙofar ajin makarantar Lahadi dai yanzu a buɗe take zama. Abin da na iya ke nan, kuma ya zo a makare.

Saura magana ɗaya, ita ce ta hana ni zaunar da ke. A waɗancan shekarun ke ma kina cikin mawaƙan yara. Gidanmu ba nisa, amma akwai ranakun ruwan sama da ni da kaina na ce ki shiga motar Dattijo Ishaku ya sauke ki a bakin layi. Da abin Laraba ya fito, na dube ki kina wasa a tsakar gida, na ji tsoron amsar da zan samu, ban tambaye ki ba. Kika girma, kika yi karatu, na aurar da ke, ban tambaye ki ba. Yau ina tambayarki, 'yata. Ko ya taɓa yi miki wani abu?

Ba sai kin amsa yanzu ba, ba kuma dole sai ni za ki gaya wa ba. In babu komai, ki ce mini babu, in gode wa Allah. In akwai, ba laifinki ba ne, ko kaɗan ba laifinki ba ne, nawa ne. Ki kira ni ko wane lokaci, zan hau mota in zo da wannan ƙafar. Ba zan ce ki yi shiru ba, ba zan ce ki yi haƙuri ba. Zan zauna in ji.

Ubangiji ya tsare ki, ya tsare mijinki, ya tsare duk yaron da za a sa a hannunki. Ya ba ki idon da ban yi amfani da shi ba, da ƙarfin zuciyar da na rasa. Ya ji ƙan Asabe da Laraba, ya warkar da Kande a inda hannun mutum ba ya kaiwa. Ku sauka lafiya, ku zauna lafiya. Amin.

Mahaifiyarki,
Hannatu